Ranar da Na Ce Musu Ɗansu Ne

Zuwa ga ɗana Lawali,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci, ina sanar da kai cewa mu nan Mafara muna lafiya. Yaranka lafiya lau, an mai da su makaranta. Matarka Hadiza ta fita takaba. An yanke shinkafarka ta Bakalori, ta kuma yi kyau fiye da yadda aka zata, duk da ba wanda ya tuna ya ba ta taki na biyu.

Na san abin da ya fara tsayar da kai a takardar nan, layin farko ne. E, ni na rubuta shi da hannuna. Biro ya daɗe a sama kafin ya yarda ya sauka. Ƙanwarka Asma'u ce za ta buga ta a waya ta sa inda mutane ke karantawa, kuma na san tsofaffin ɗalibaina za su gani su riƙe baki, su ce yau Malama ta ambaci sunan ɗan fari. To su riƙe, sun cancanta. Su suka sha wahalar sunan nan fiye da kowa, don babu ajin da na taɓa riƙewa a firamare da ba a samu masu sunanka a ciki ba. In ina kiran suna da safe na zo kansu sai in tsallake, in ce kai na kusa da taga, kai ɗan gidan mai goro. Wani sufeton makarantu ya taɓa zama a bayan ajina yana kallo, da aka tashi ya ja ni gefe cikin ladabi ya ba ni shawarar in nemi tabarau.

Ba don dariya na zauna rubutu ba. Akwai maganar da na yi a kanka a barandar asibiti, ita ta hana ni sakat, kuma ba ni da wanda zan kai wa ita sai kai.

Ka san daga Bakura aka kai ni gidan mahaifinka a Tsibiri ta ƙasar Maradun, da takardar koyarwa a cikin akwatina. Dangin mahaifinka mutanen shanu ne, ba su taɓa ajiye matar da ke fita aiki ba, saboda haka suka zuba mini ido su ga ko boko ya cinye mini kunya. Ni kuma na ɗaura ɗamarar ba su mamaki. Da aka haife ka na yi kunyar ɗan fari irin wadda matan ƙauyen ma sun fara sassautawa. Ban ɗauke ka a gaban mutane ba. In kana kuka sai an yi mini faɗa kafin in ba ka nono. Da aka yaye ka aka kai ka ɗakin kakarka Inna, ban tambayi ranar da za a dawo da kai ba, ba a kuma dawo da kai ɗin ba. Inna takan nuna ni ga baƙi ta ce, “Yarinyagga ta san kunya, ba awa sauran ɗiyan boko ba.” Wallahi daɗi nake ji, har in ƙara sunkuyar da kai.

Daga nan duk abin da ya taso a kanka amsata ɗaya ce. Da za a yi maka kaciya aka tambaye ni, na ce ɗanku ne. Da ka ƙi makarantar sakandare ka bi Baffanka Alhaji Garba kasuwar shanu, abin ya ƙona mini rai ƙwarai, ni da nake bin gidajen mutane ina roƙon su bar ’ya’yansu su yi karatu, amma da aka tambaye ni na ce ɗanku ne. Da za a nema maka auren Hadiza ma haka. Maganar ta zauna mini a baki har ba na jin fitarta.

Kada ka ce ban sani ba, mun samo wa kanmu hanya, ni da kai. Bayan rasuwar mahaifinka, da na dawo Mafara da zama, kowace Talata in kasuwa ta watse sai in ji ƙarar babur ɗinka a ƙofar gida. Ka tsaya a zaure ka ce, “A hwaɗa ma Malama na iso.” Ni kuma ina tsakar gida, tsakaninmu bai fi a miƙa hannu ba, sai in dubi Asma'u in ce ta gaya wa baƙo akwai fura a ƙwarya. Ka ajiye ƙullin naman da ka riƙo, in buɗe in gaya wa bango cewa mahautan yanzu ƙashi suke sayar wa mutane. Kai kuma ka gaya wa Asma'u cewa wasu in ba su yi ƙorafi ba nama ba ya yi musu daɗi. Haka za mu yi ta yi har la’asar ta yi sanyi, yarinyar nan tana tsakiya tana kai saƙon da kowa ya riga ya ji. Ranar da ba ta nan kuwa kaza ma takan samu aikin.

A irin wannan Talatar ce babur bai zo ba. Ana loda shanu a babbar mota za a yi Kudu da su, wani bajimi ya fizgi igiyar da ke hannunka, ya maka ka da ƙarfen motar. Waɗanda suke wurin sun ce ko ƙara ba ka yi ba. Daga asibitin nan aka ce a wuce da kai Sakkwato. Da aka zo gaya mini ina tankaɗe, kuma abin da na fara yi shi ne na ƙarasa tankaɗen, saboda akwai maƙwabta a tsakar gidan. Sai da suka fita na shiga ɗaki na haɗa kayan tafiya.

A Sakkwato aka kwantar da kai a ɗakin masu jinya mai tsanani, inda ba a barin kowa ya zauna. An aske maka kai, an sa maka bututu a baki, injin yana yi maka numfashi. Mu muna waje a baranda da tabarmi da kwanukan abinci, Baffanka da abokan kasuwarku a gefe guda, mu mata a gefe guda. In an ce mutum ɗaya ya shiga sai in ce Hadiza ta shiga, ko Gwaggonka. In sun fito ba na tambaya. Kunne kawai nake kasawa in ji abin da za su gaya wa wasu. Kwanaki suka yi ta wucewa a haka, ba ka buɗe ido ba.

Likitar da ke kula da kai mace ce, ba ta kai shekarunka ba, ba ta da yawan magana. Ita ta tara mu ta yi mana bayanin wani sabon abu da suke gwadawa. Ta ce akwai manhaja a kwamfuta, irin wadda ake kira ƙirƙirarriyar basira, an koya mata da bayanan majinyata masu ɗimbin yawa waɗanda suka samu rauni a ƙwaƙwalwa, waɗanda suka farfaɗo da waɗanda ba su farfaɗo ba. In an ba ta hoton kan mutum da motsin ƙwaƙwalwarsa, takan faɗi waɗanda ya fi kama da su. Ta ce wani lokaci mutum yana ji amma jikinsa ba ya iya nunawa, to manhajar tana iya hango wannan a inda idon likita ba ya gani. Za su manna maka wayoyi a kai, mu shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kira sunanka ya ce ka motsa hannu. Ko hannun bai motsa ba, ita tana sauraren abin da ke faruwa a ciki. Ta maimaita mana cewa na’ura ba ta yanke hukunci, taimaka wa likita take yi, likita kuma ya taimaka wa dangi.

Baffanka ya fara shiga. Daga baranda muna jin muryarsa, irin wadda yake kiran yaran shanu da ita a kasuwa. Hadiza ta shiga ta fito tana share ido. Ni ina zaune ina jan carbi, na ɗauka an gama, sai likitar ta leƙo ta ce ina mahaifiyarsa. Gwaggonka ta ce mata ai ɗan fari ne. Likitar ta ce ta sani, ita ma ’yar fari ce, amma dai in taso.

Rabon da in tsaya kusa da kai haka in dube ka sosai, tun kana cikin zanen goyo. Ashe akwai furfura a gemunka. Ashe tabon da ka samu a goshi kana yaro, wanda na ji labarinsa daga bakin Inna, bai ɓace ba. Likitar tana tsaye da wani ma’aikaci a gaban kwamfuta, ta ce Mama, kira sunansa. Na buɗe baki, sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Na sake gwadawa. Ƙofar a buɗe take kaɗan, na kuma san Gwaggonka tana jin duk abin da ake yi. Abin da ya fito daga ƙarshe shi ne, “Asma'u, hwaɗa ma yayanki shi motsa hannunai, likita na jira.” Asma'u kuwa tana Mafara tana tsaron gida. Ma’aikacin ya waiga yana neman wadda nake yi wa magana. Likitar dai ta ce in sake faɗa kamar yadda na faɗa, na sake har sau da yawa. Hannunka bai motsa ba.

Washegari da hantsi aka tara mu a barandar. Ina so ka ji abin da likitar ta faɗa yadda ta faɗe shi, don na ji ana juya maganar a gari, har wasu na cewa kwamfuta ce ta ce a cire maka inji. Ba haka aka yi ba.

Ta ce raunin babba ne. Ta ce ita da manyanta sun duba, manhajar ma ta duba, bakinsu ya zo ɗaya: masu irin rauninka da wuya suke farfaɗowa, waɗanda suka farfaɗo ɗin ma ba sa komawa yadda aka san su. Ba ta ɓoye mana wannan ba. Sannan ta ce saura abu guda. A gwajin murya, lokacin Alhaji ba a ga komai ba, lokacin matarsa ba a ga komai ba, amma lokacin mahaifiyarsa an ga wani ɗan motsi. Manhajar ba ta ce kai ne ba. Ta ce ba ta tabbata ba, yana iya zama kai, yana iya zama waya ce ta girgiza ko tsokar fuska ta motsa. Shawararta ita ce a sake gwajin bayan ’yan kwanaki, in sauran maganin barci ya gama fita daga jikinka. Likitar ta ce ita ma ta fi son a sake, amma ba za ta yi mana alkawarin komai ba, kuma zaɓi namu ne.

Lawali, ka san abin da na ji a lokacin nan? Da na ce maka murna na ji, da na yi maka ƙarya. Kunya na ji. Duk barandar ta juyo ta dube ni, har abokan kasuwarku. Gwaggonka ta yi ’yar dariya, ba ta mugunta ba, ta ce, “Ashe dai ya san muryar uwatai.” Ji na yi kamar an kama ni da hannu a tukunyar miyar wani gida. Abin da na shekara da shekaru ina rufewa, wata na’ura da ba ta san surukai ba ta buɗe shi a gaban kowa da rana tsaka. Na ja mayafi na rufe rabin fuskata. Ina jin haushin na’urar, ina jin haushin likitar, a ƙarƙashin haushin kuma zuciyata tana ta cewa ya ji ni, ya ji ni.

Sai aka juya ga Baffanka. Ba zan zalunce shi a takardar nan ba, don ya so ka so na gaskiya, shi ya koya maka duba haƙorin shanu, shi ya yi maka aure. Kuma shi ne ya kwana da baƙin cikin yadda mahaifinka ya cika a gadon asibiti, ba kowa a kusa da zai laƙƙana masa kalmar shahada, sai da safe aka kira su. Tun ranar ya yi rantsuwa ba zai sake barin nasa ya tafi haka ba. Ya riga ya tambayi malaminsa, an gaya masa cewa in likitoci sun fid da rai ba dole ba ne a ci gaba da riƙe mutum da inji. Rabin farko na maganar likita ya shiga kunnensa daram. Rabi na biyu kuwa ya ɗauke shi a irin maganar da ma’aikatan asibiti kan yi don kada dangi su karaya. Ya ce shi a ganinsa wahalar ta isa, a bar yaro ya koma gida cikin ’yan’uwansa, in da sauran kwana Allah ba ya buƙatar inji, in babu ya cika a ɗakin ubansa. Ya ce in za a tafi a tafi da wuri, don kowa ya san hanyar Maradun ba a bin ta in rana ta karkata.

Sai ya juyo wajen mata. Bai saba ba, amma ranar ya yi. Ya ce, “Malama, ke munka saurara. Mi kinka gani?”

Ina da amsa. Tana nan a shirye, gajeriya ce, ko yaron aji ɗaya zai iya faɗinta: a sake gwajin. Ni malamar makaranta ce, na san abin da ake nufi da ba a tabbata ba. In yaro ya yi rubutun da ban iya karantawa ba, ba na sa masa sifiri, kiran sa nake yi ya zo ya karanta mini da bakinsa. Na fi duk wanda ke barandar nan fahimtar abin da likitar ta ce. Amma idanu suna kaina, dariyar Gwaggonka ba ta gama sauka ba, in na ce a jira kowa zai san don me na ce. Kafin in tsayar da shawara bakina ya riga ni. Na ji muryata tana cewa, “Ɗanku na, Alhaji. Abin da kunka yanke shi ke nan.”

Wani dattijo cikin abokan Baffanka ya ce Allah ya yi miki albarka, Malama. Likitar ta dube ni ta daɗe. Ta ce, Mama, kin tabbata? Na gyaɗa kai ina kallon tabarma.

Da aka cire injin ba ka tafi nan take ba, ka ci gaba da numfashi da kanka, a hankali, da ƙyar. Aka sa ka a motar asibiti, Baffanka da Hadiza suna tare da kai, ni ina motar baya. Muka wuce mararrabar Bakura, muka ratsa Mafara ta gaban kasuwar da aka ɗauke ka, muka kama hanyar Maradun. Duk tsawon tafiyar nan ina gaya wa kaina cewa in an tsaya shan mai zan sauka in ce a juya. An tsaya shan man. Na ga Baffanka ya sauko yana alwala a gefen titi, na riƙe murfin ƙofa, ban buɗe ba.

Ka kwana ɗaya a Tsibiri. Washegari bayan azahar ka cika, kanka a cinyar Baffanka, yana maimaita maka kalmar shahada a kunne. Ya samu abin da ya roƙa, kuma har ga Allah na yi maka murnar wannan. Ni ina ɗakin da ke kallon naku, cikin mata, ina zaune yadda ake son uwar ɗan fari ta zauna. Masu zuwa gaisuwa suna ta yaba haƙurina.

Bayan an yi sadakar arba’in na ce da Asma'u zan je Sakkwato ganin likitan ido. Ban je wurin likitan ido ba. Na zauna a barandar nan, a gefen wasu mutane da tabarminsu da kwanukansu, har likitarka ta fito. Ta gane ni. Na tambaye ta abin da ya kawo ni: da an sake gwajin, da me za a gani? Na so ta ce ba komai, in koma gida in yi barci. Ko ta ce da ka tashi, in san iyakar laifina in ɗauka. Ta ce, Mama, ban sani ba, na’urar ma ba ta sani ba, shi ya sa ta ce a sake. Ta ce ko da kai ne ka ji, mai yiwuwa ƙarshen bai canza ba. Ta kuma ce ita ma ta yi ta tunani, da ta kira ni gefe ni kaɗai ta gaya mini, maimakon a gaban jama’a, kuma yanzu haka take yi wa iyaye mata. Na yi mata godiya. A mota na yi ƙoƙarin ɗora mata wani kaso na nauyin, na ga bai zauna a kanta ba. Ta tambaye ni ko na tabbata, ni na gyaɗa kai.

Mutane suna tsoron na’urorin nan, suna cewa za su karɓe hukuncin rai daga hannun mutane. Ban san abin da za su zama nan gaba ba, ni dai abin da na gani ke nan: a duk barandar nan ita kaɗai ta ce ba ta tabbata ba, sai likitar da ta bi bayanta. Mu masu rai kowa ya zo da abin da ya riga ya yanke, Baffanka da rantsuwarsa, ni da kunyata. Ba na cewa da ka rayu. Kwana in ya ƙare ya ƙare, na yi imani da wannan, kuma ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Abin da ke cina daban ne. An ce mai yiwuwa kana ciki kana ji, an ce a ba ka ’yan kwanaki a sake kiran ka, aka tambaye ni, ni da aka ce wataƙila muryata ka ji, na ce ba ruwana.

Ranar da Hadiza ta fita takaba ta zo gaishe ni kafin ta wuce gidan iyayenta a Garbadu. Ka san ta, ba ta taɓa haɗa ido da ni ba tun da aka kawo ta. Ta durƙusa a bakin ƙofa, muka gaisa. Har ta yunƙura za ta tashi sai ta koma ta zauna. Ta ce, “Malama, rannan a asibiti ke nike kallo. Cewa niy yi in kinka yi magana sai in bi bayanki.” Ba da faɗa ta faɗa ba, kanta a ƙasa. Ashe ita ma tana da amsa irin tawa a baki, amma matar ɗa ba ta riga uwar miji magana a gaban surukai. Ita tana jira na, ni ina kallon tabarma.

Sai ta ƙara da abin da ban tambaye ta ba. Ta ce in ka yi tafiya Kudu da shanu, ko a gida ma in ranka ya ɓaci, kakan kira Asma'u a waya daidai lokacin da ka san ina tsakar gida ina aiki. Ba wata magana gare ka da ita ba. Ka ce ta ajiye wayar a kan turmi ta ci gaba da abin da take yi, kai kuma ka kwanta da taka a kunne kana jin ina faɗa da kaji, ina aiken yara, ina ƙorafin tsadar gawayi. Ta ce in ta yi maka tsiya sai ka ce, “Bari ni, labarai nike saurare.” Na juya na dubi Asma'u, ta sunkuyar da kai, ta ce kai ka hana ta faɗa.

Ban yi kuka a Sakkwato ba, ban yi a Tsibiri ba. Ranar na yi, a gaban surukata da ’yata, da ƙarfi, har maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya rasu.

Ɗana, kafin a ɗauke ka zuwa makwancinka, bayan an yi maka sutura, Baffanka ya zo bakin ƙofar ɗakin mata ya yi tambayar da ake yi. Ya ce ko akwai abin da ke tsakanina da kai, in yafe maka. Na ce na yafe maka duniya da lahira, kuma ban taɓa faɗin gaskiyar da ta kai wannan sauƙi ba, don ban san ranar da ka ɓata mini ba. Aka ce alhamdu lillahi, aka ɗauke ka. An tanadi wannan tambaya domin ’ya’ya, kada su tafi da nauyin iyaye a kansu. Ba a tanadi wadda za a yi wa ɗa a kan uwarsa ba. Ni an tambaye ni na amsa, kai babu wanda zai tambaye ka. Shi ya sa na zo da kaina, ba ta bakin Asma'u ba. Ka yafe mini, ɗana.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Allah ya haskaka kabarinka, ya sanyaya shi, ya haɗa ka da mahaifinka da Inna a cikin rahamarsa. Allah ya raya abin da ka bari, ya ba Hadiza haƙuri da mafita ta alheri, ya saka wa Baffanka da likitarka gwargwadon niyyarsu. Iyayen da ke zaune yau a barandar asibiti, Allah ya buɗe musu baki a lokacin da ya kamata. Ni kuma Allah ya yafe mini, ya sa in an tashe mu ka yarda ka tsaya in yi maka magana.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka,
daga Talata Mafara.